Yadda A Ke Gyara Ruwan Kwata Don Lambu

Kowane babban gari yana fid da ruwa mai ƙazanta dare da rana: na wanka, da na wanki, da na shadda. Mutanen gari suna so su rabu da shi, mai lambu kuwa nemansa ya ke yi ruwa a jallo, musamman da rani. Wanda ya san Kano ya ga lambunan bakin Jakara, inda a ke ba latas da alayyafo ruwan da ya fito daga cikin birni.

Mai lambu ba wauta ya ke yi ba. Ya san ruwan nan yana ɗauke da taki. Amma akwai abin da ido ba ya gani, watau ƙwayoyin cuta masu kawo atini da kwalara, da ƙwan tsutsar ciki. Mai lambu ya shiga ruwan ba takalmi, ya ɗauka. Mai saye ya kai ɗanyen latas gida, iyalinsa su ɗauka. To, dabara ita ce a kashe cutar, a bar takin.

Bari mu ga yadda a ke yi a ƙasar Urdun, arewa da ƙasar Makka, inda ruwa ya ke da wuya ƙwarai. A shekarar 1985 aka haƙa manyan tafkuna a wani wuri wai shi Samra, don tara ruwan kwatar birnin Amman da na Zarƙa. Da jama'a suka ƙaru, ruwan ya fi ƙarfin tafkunan, sai aka gina ma'aikatar tacewa. Ta fara aiki a 2008, aka faɗaɗa ta a 2015.

Ga yadda aikin ya ke. Da fari ruwan ya bi ta rariyar ƙarfe, ta tare tsummoki da tarkace. Sa'an nan a rage masa gudu, yashi da laka su kwanta. Daga nan a hura masa iska. Akwai waɗansu ƙananan halittu cikin ruwa waɗanda ƙazanta ita ce abincinsu. In sun sami iska sai su yi ta ci, su dunƙule, su nutse. A ƙarshe a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Lakar ma ba a yar da ita ba: a kan rufe ta ta ruɓa, ta ba da iska mai kama wuta, a sami lantarki. Ruwan kuwa sai ya bi kogin Zarƙa zuwa madatsar Sarki Talal, ya gauraya da ruwan sama, a rarraba wa gonakin Kwarin Urdun.

Garin da ba shi da kuɗin injuna ba a bar shi haka ba. In an jera tafkuna, ruwa ya yi makonni yana wucewa daga wannan zuwa wancan, ƙwan tsutsa ya kan nutse, rana ta kashe yawancin ƙwayoyin. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka cewa kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya cikin lita guda ta ruwan lambu. Amma a lura, tafki ba ya raba ruwa da dafin ma'aikatun jima. Wannan sai a gyara shi dabam tun daga tushe.

Kafin gari ya sami irin wannan gyara, kai mai lambu ka sa takalmin roba. Ka haƙa rami ruwa ya kwanta kafin ka ɗiba. Ka zuba a gindin shuka, ba bisa ganye ba. Ka daina ban-ruwa 'yan kwanaki kafin ka tsinka. Kai mai gida kuma, ka ce a wanke ganye sarai da ruwa mai tsabta, abin da ke dafuwa a dafa shi.