Matuƙan Jirgin Yaƙi da Bashin da Suke Bin Kano

Manomin Ungogo ko Minjibir ba ya ɗaga kai daga kunya don jirgi ya gilma; ya saba. Ƙarar ta girme shi. Tun watan Nuwamban 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne farkon jiragen da suka taɓa sauka a Nijeriya.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe wa Ingila hanyar Bahar Rum, sai ta koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas, su sha mai a Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy da Hartum, har Alƙahira. Daga Satumban 1940 zuwa 1943, jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Hazon hunturu kan rufe wa matuƙi ƙasa, inji ya yi zafi, mai ya ƙare. Ba duka suka isa ba.

Namu ma sun faɗi. A Kano aka sauke jiragen MiG da Tarayyar Sobiyet ta kawo a 1967, lokacin yaƙin basasa. A Oktoban 1969 Kanal Shittu Alao, shugaban sojan sama sukutum, ya rasu a Uzebba yana tuƙa jirgi da kansa. Barikin soja na Keffi sunansa yake ɗauke da shi. A 2014 kuma 'yan Boko Haram suka kashe matuƙin jirgin yaƙi Chimda Hedima bayan jirginsa ya faɗi.

Turawa kan kafa dutse ko mutum-mutumi a gonar da matuƙi ya faɗi. Mu mutum-mutumi ba al'adarmu ba ne, addini ma bai yarda ba, ga gona a ƙasar Bichi da Ɗambatta ta yi tsadar da ba a barin taki ɗaya a banza. Amma furen da ake ajiyewa kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, bai wadatar ba, domin kafin mako ya bushe.

Gwamnatin Kano da Rundunar Sojan Sama su gina rijiyar burtsatse ko ajin makaranta a ƙauyukan da ke ƙarƙashin hanyar jiragen nan, a rubuta sunan matuƙi da shekarar rasuwarsa a bango, a kuma tabbatar haƙƙin marayunsa ya isa hannunsu.