Gaskiya ko Jita-jita: Mene Ne Ainihin Darajar Tsohuwar Motar da Aka Gyara?

Duk wanda ya tashi tsakanin Sabiyal, Aliero, Jega da Maiyama ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Ta yi shekaru tana jigilar fasinja a hanyar Sakkwato zuwa Jega, a-kori-kurarta kuma ta kwashi albasa iya kwasa. Yau kaɗan ne ke motsi. Sauran suna kwance a ƙofar gida ko bayan garejin bakanike, tayoyi sun sace, rana ta cinye fenti. Ana nan sai wayar hannu ta kawo mana bidiyon gwanjon Turai, inda ake sayar da tsohuwar motar tsere a kan kuɗin da ya fi ƙarfin lissafinmu. Tun daga nan maganganu suka yawaita a majalisa. Wasu suna da tushe, wasu rabin gaskiya ne, wasu kuwa masu neman la'ada ne suka ƙaga su. Waɗanda suka yarda da su ba su yi laifi ba, labarin ne ya iso musu guntu-guntu. Bari mu bi su mu tantance.

Duk tsohuwar mota dukiya ce, Turawa na nemanta ido rufe

Tsufa kaɗai ba ya sa mota tsada. Ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin motoci, FIVA, tana kiran mota ta tarihi idan ta kai shekara 30 aƙalla, an kuma adana ta yadda take tun asali. Wannan suna ne kawai aka ba ta, ba a yanka mata farashi ba.

Mu dubi motocin da ake yawo da labarinsu. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135 a birnin Stuttgart na Jamus. Guda biyu rak kamfanin ya ƙera irinta. Ferrari 250 GTO da aka sayar sama da Dala miliyan 48 a Amurka a 2018, guda 36 aka yi tsakanin 1962 da 1964, kuma kowacce an san lambarta, an san hannuwan da ta ratsa. Ita kuwa 504 an ƙera sama da miliyan 3. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin motar, da tarihinta, da yawan masu kuɗin da ke rububinta, da kuma yawan abin da ya rage a jikinta na asali.

Me ya sa zancen ke yaɗuwa? Domin ciniki mai ban mamaki shi kaɗai ake ɗauka a bidiyo. Dubban tsofaffin motocin da ake sayarwa a Turai a kan kuɗi ƙalilan ba mai ba da labarinsu. Kuma zuciyar ɗan Adam tana son ta ji cewa akwai taska a cikin tarkacen gidansu. An ga irin haka a Saudiyya a 2009, lokacin da aka baza jita-jitar cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wata jar zaiba mai tsada, mutane suka yi ta rububinsu, alhali babu komai a ciki. Illar wannan zato a wurinmu a fili take: mai mota ya ƙi tayin da ya dace yana jiran Bature, damina biyar ta wuce a kanta, daga ƙarshe 'yan gwangwan su auna ta a sikeli.

Wadda aka yi wa sabon fenti tana walƙiya ta fi wadda ta koɗe daraja

Nan ne aka fi yin asara, don haka za mu daɗe a kai. A kasuwar motar aiki wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Wanda zai sayi motar haya yana son fasinja su ga ta yi fes. Amma mai neman motar tarihi abin da yake saye daban ne: yana sayen ƙarfen da masana'anta ta buga, da fentin da ta fesa, da kujerun da ta ɗinka. Idan aka kankare waɗannan, babu kuɗin da zai dawo da su.

A 2015 an yi gwanjon motocin wani Bafaranshe mai suna Roger Baillon a birnin Paris, waɗanda suka yi shekara da shekaru a rumfunan kwano a yammacin Faransa. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California ƙirar 1961 da aka tarar an jibga mata tsofaffin mujallu. Ba a yi mata fenti ba, ba a sake mata kujeru ba, amma ta haura Yuro miliyan 16. Masu saye sun biya ne saboda hannu bai taɓa ta ba, kuma duk abin da ke jikinta ana iya tantance shi. Ƙa'idojin da FIVA ta fara aiki da su a 2013, waɗanda aka sani da Yarjejeniyar Turin, sun tafi a kan wannan hanya: a adana abin da ake iya adanawa, a gyara abin da ya zama dole, a kuma rubuta duk abin da aka canza.

Wannan ba ya nufin gyara laifi ne. Motar da tsatsa ta huda, ko wadda haɗari ya lanƙwasa, dole a yi mata aiki, kuma aiki mai kyau yana ceton mota. Abin tambaya shi ne me ke ƙarƙashin fentin. Wanda ya sayi mota don walƙiyarta ya yi kama da wanda ya sayi buhun albasa don manyan da aka jera a baki, bai sa an zazzage ba.

Zazzagewar kuwa ba ta da wuya. A sami ɗan maganaɗisu a naɗe shi da ƙyalle, a bi jikin motar a hankali, musamman ƙasan ƙofofi da kewayen tayoyi. Inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cika da bodi-fila zai saki ko ya yi sako-sako. Sai dai a sani cewa wasu motocin tsere da alminiyam ko zaren gilashi aka yi jikinsu, irin su Corvette ta Amurka, don haka maganaɗisu ba ya aiki a kansu. A duba robar gilashi da ta ƙofa: masana'anta tana fesa fenti kafin ta sa roba, saboda haka ɗigon fenti a kan roba shaida ce ta fenti na biyu. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da cikin but, domin a nan launin farko ya fi ɓuya. A shiga ƙarƙashi da tocila. Waldar masana'anta ɗigo-ɗigo ce, zagayayya, jere da tazara iri ɗaya, ta mai walda kuwa doguwa ce mai ƙuraje. A dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, idan sama ta matse ƙasa ta buɗe, motar ta taɓa shan duka.

Akwai abin da ya kamata mu sani game da motocinmu na nan. A Turai babban makashin mota shi ne gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Mu ba mu da wannan, kuma busasshiyar iskarmu tana raga wa ƙarfe. Cutar motarmu ita ce lodi da ramukan hanya da zafin rana. Saboda haka a wurinmu a fi sa ido a kan tsagewa a inda sifirin ke haɗuwa da jiki, da bayan a-kori-kura da ya sha takin zamani, wanda ke cin ƙarfe, da robobin da rana ta farfasa.

An sa mata sabon inji, ai daraja ta ƙaru

Ga mai neman abinci da mota, injin Toyota a cikin Fijo dabara ce mai kyau, kuma makanikanmu sun cancanci yabo a kan yadda suke haɗa abin da bai haɗu ba. Ga mai neman motar asali kuwa, wannan ragi ne babba. Masana'anta tana buga lamba a jikin inji, ta buga wata a jikin mota, ta ajiye a kundinta cewa wannan injin da wannan jikin tare suka fito. A manyan motocin tsere, samun lambobin nan sun dace da kundi yana iya raba farashin motoci biyu masu kama ɗaya nesa ba kusa ba. Shi ya sa Ferrari ta buɗe sashe na musamman mai tantance tsofaffin motocinta, Mercedes ke riƙe da katin bayanin yadda motocinta suka fito, Peugeot kuma ke da gidan tarihi a garin Sochaux da rumbun ajiyar takardu.

Ko injin 504 ne aka samo a Ƙofar Ruwa ta Kano aka ɗora, ba shi ne nata na haihuwa ba, kodayake ya fi baƙon inji kusa. Shawararmu ga duk wanda zai sauya inji ita ce kada ya sayar da tsohon. A tsiyaye shi, a rufe, a ajiye a ɗaki. Haka kafireto da sitiyari da fitilu da tambarin zakin Fijo. Ranar da za a sayar da motar, su ne za su yi magana.

Mita ba ta ƙarya

Tana yi. Da yawa daga motocin wancan zamani gurbi biyar mitarsu ke da shi, idan ta kai 99,999 sai ta koma sifili. Wadda ke nuna kilomita 40,000 tana iya zama 140,000 ko 340,000. Ban da wannan, igiyar mita kan tsinke a yi shekaru ba a gyara ba, kuma mayar da ita baya aikin ɗan lokaci ne. Mun yarda da ita ne don mun saba ganin lamba a matsayin hujja. Gara a dubi robar birki da ta kuloci, da santsin sitiyari, da lotsawar kujerar direba.

Fijon Kaduna ba ta asali ba ce, ta Faransa ita ce ta gaske

Wannan zance yana yi mana ciwo, domin raina namu ne ya haife shi. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, da izinin kamfanin da kayansa, kuma ta ci gaba da haɗa 504 fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Motar da ta fito daga Kaduna Peugeot ce cikakkiya. Asalinta shi ne yadda Kaduna ta fito da ita, kuma wanda ya cire mata alamun Kaduna don ta yi kama da ta Faransa ya ɓata tarihinta da hannunsa.

Wasu kuma suna ganin Fijo ba ta da gurbi a zancen motocin tsere. Tana da shi. Salun ɗin 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, sannan mai ƙofa biyu mai injin V6 ta sake lashe shi a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Sai dai a nan ma mu yi adalci. Mai ƙofa biyu da buɗaɗɗiyar, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana aka fito da su a 1969, su ne masu tsada a dangin, domin buɗaɗɗiyar kusan 8,000 kacal aka yi. Mai ƙofa huɗu da muka sani ba ta kai su kuɗi ba. Amma tsaftatacciyar Fijon Kaduna wadda ba a yi wa haya ba, da fentinta da injinta da takardunta, kullum ƙara wuyar samu take yi, don kusan dukkansu aiki ya cinye su.

Na kashe mata miliyoyi, dole a biya ni abin da na kashe

Kasuwa ba ta duba rasit ɗin mai gyara don ta yanka farashi. Tana duba nawa aka sayar da irin motar a kwanan nan. Ko a Turai, sau da yawa kuɗin cikakken gyara yakan zarce abin da motar za ta kawo. Wanda zai tayar da motar mahaifinsa don ƙauna ya yi abu mai kyau, wanda zai yi don riba kuwa ya fara tambayar farashi kafin ya kira mai fenti.

Ai motar wane ce, kowa ya sani

Gaskiya ne sunan mai mota yana ɗaga ta. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka ba da sanarwar ta kai kusan Dala miliyan biyu da rabi, alhali irinta ba ta kai ko kusa ba. A gida kuma, baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas da hujin harsasai a jikinta. Da wani ya toshe hujin nan ya yi mata fenti, da ya shafe abin da ya sa ake zuwa kallonta.

Amma waɗannan biyun babu mai jayayya a kan ko na wane ne. Matsala tana tasowa idan dillali ya ce motar wani sarki ce ko tsohon gwamna, hujjarsa kuma ita ce an ce. Mu mutane ne masu riƙe tarihi da ka, muna girmama maganar dattijo, shi ya sa neman takarda ke yi mana kama da ƙaryata mutum. Mai saye daga nesa bai san dattijon ba, kuma dattijon ba zai dawwama ba. Abin da ke bin mota duk inda ta je shi ne rasit ɗin saye na farko, da takardun kwastam idan shigo da ita aka yi, da tsofaffin lasisi da inshora, da hoton da lambar motar ta fito a ciki.

Sannan a gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin ƙarfe, harafi da harafi. Tun daga 1981 tsarin lamba mai gurbi 17 ya bazu a duniya, motocin da suka riga wannan kuwa kowane kamfani da nasa tsarin, don haka gajeriyar lamba a motar 1976 ba abin tsoro ba ce. Abin tsoro shi ne alamar gurzawa a kewayen lambar, ko walda da ta zagaye ta, ko sababbin ƙusoshi a kan tsohon faranti, ko haruffan da ba su daidaita ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya dakata da ciniki, domin ta nan ake sauya wa motar sata suna, kuma a hannun wanda aka same ta 'yan sanda ke fara tambaya. Idan a gidanmu motar take, kuma wanda ya saye ta yana raye, mu zauna da shi tun yanzu a rubuta shekarar da ya saya, da wurin wanda ya saya, da gyare-gyaren da aka yi mata, ya sa hannu a gaban shaidu biyu, a haɗa da sauran takardun a ajiye inda gara da ruwa ba za su kai ba.