Wane Wasa Ne Ya Dace da Tabarmar Gidanku?

Wanda ya shiga kanti neman wasan allo ko na kati don iyalinsa yakan tambayi mai shago wanne ya fi daɗi, shi kuwa mai shago wanda ya fi tsada zai miƙo masa. Tambayoyin da suka fi amfani a gida ake yin su tun kafin a fita. Su wa za su zauna a tabarmar? Shekara nawa ke tsakanin babba da ƙarami? Wa ke kumbura fuska in an ci shi? Lokaci nawa ake da shi tsakanin isha'i da barci? Kowane wasa da halinsa, kuma abin da ya fi bambanta su shi ne yadda suke raba nasara tsakanin sa'a da dabara, da abin da suke yi wa wanda aka bari a baya.

Maciji da tsani, wanda asalinsa daga Indiya ne, sa'a ce zalla. Ba abin da mai wasa yake zaɓa, jefa dayis kawai yake yi ya ƙirga gidaje. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar zai koyi ƙirge da jiran layinsa, amma babba zai fara hamma tun kafin a kai rabin allo. Ludo ya ɗara shi da taki ɗaya. Shi ma daga wani tsohon wasan Indiya mai suna Pachisi aka samo shi, aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Kowa na da 'ya'ya huɗu, ba mai fitowa daga gida sai ya jefa shida, daga nan kuma sai zaɓi ya shigo: ka fito da sabon ɗa, ko ka gudu da wanda ake bi, ko ka cinye na maƙwabci? Wannan ɗan zaɓin ya isa ya hana babba gundura, bai kuma kai ya hana yaro cin wasa ba. Jika zai iya cinye kakarsa da gaske, ba don ta sakar masa ba, kuma yara suna gane bambancin. Inda ludo ke tada ƙura shi ne lokacin da ɗan auta ya zagaye allo kaf, saura gida uku ya shige, sai yayarsa ta jefa daidai adadin ta mayar da shi farko. In mutum biyu suka haɗa kai suna farautar mutum ɗaya, da kuka za a tashi.

Akwai gidajen da ba a shigar da dayis ko kaɗan, saboda hadisin da ya yi hani ga wasan nardu, wanda da dayis ake yinsa, da abin da malamai suka gina a kansa. Wasu kuma da sun ga karta sai caca ta faɗo musu a rai. Maigida ya san matsayarsa kafin ya kashe kuɗi, domin wasannin da babu dayis a cikinsu suna da yawa. Zancen sa kuɗi kuwa, ko da naira goma ce, ba shi da gurbi a wasan iyali.

Whot yana cikin marasa dayis. Wani Bature mai suna William Storey ne ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1935, amma yau 'yan Najeriya sun fi mutanen Ingila saninsa. Katunan suna da siffa biyar: da'ira, kuros, alwatika, mai kusurwa huɗu da tauraro. Kana ajiye katin da ya yi daidai da na ƙasa a siffa ko a lamba, wanda ya riga zubar da nasa shi ya ci. Armashinsa yana cikin katunan mugunta. A yadda aka fi bugawa a nan, lamba 2 na sa na gaba ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 8 ta tsallake shi, 14 ta tura kowa kasuwa, wato ɗaukar kati daga tarin da ya rage, 20 kuwa ta ba ka ikon kiran siffar da kake so. Na ce "yadda aka fi bugawa" ne domin kusan kowace unguwa da dokarta, kuma rabin gardamar Whot daga nan take tasowa. A daidaita doka kafin a raba kati: ana tare ɗauki-biyu da wani ɗauki-biyun ko ba a yi? Wanda ya manta bai sanar cewa katinsa ɗaya ya rage ba, mene ne hukuncinsa? Uno, wanda wani mai aski, Merle Robbins, ya ƙirƙiro a jihar Ohio ta Amurka a 1971, ɗan'uwansa ne, sai dai shi da launi yake aiki.

Waɗannan wasannin zolaya ne da shewa, zagaye ɗaya ba ya daɗewa, wanda aka ci yanzu zai rama kafin shayi ya huce. Sun fi armashi tsakanin sa'o'in juna, da taubasai, da kaka da jikoki, wato inda tsokana ta halatta. Amma a lura da tsarin zama. Yarinyar da ta zauna a gaban mahaifinta ko surukarta, da wuya ta iya ɗora masa ɗauki-uku, sai ta riƙe katin tana asara don kunya. A sa abokin wasa kusa da abokin wasa.

Dabara zalla kuma, ba sai an je kanti ba. Dararmu ta gargajiya ramuka talatin ce a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya riƙe tsakuwa ɗaya ya riƙe 'yan karare. Da farko ana dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku a wannan matakin ba. In an gama dasawa sai a fara matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda, jerin huɗu kuwa ba ya ci. Gwani tun wurin dashe yake cin wasan, domin yana neman tsarin da zai riƙa buɗe jeri ɗaya yana rufe wani, kowane motsi da ci. Da zarar ya samu haka, sai dai ɗayan ya zuba ido ana kwashe masa 'ya'ya. Ayo na Yarabawa, mai ramuka goma sha biyu da ƙwaya 48, wanda mutanen Gana ke kira oware, da diraf da ake bugawa a bakin kasuwa, duk wannan dangin ne.

Babbar matsalarsu ga iyali ita ce: ba su da tausayi. Uba da ya iya dara zai ci ɗansa yau, ya ci shi gobe, har yaron ya daina zama. Sakar masa da gangan ba magani ba ne. Gara a rage wa babba ƙarfi a fili, ya fara da 'ya'ya goma yaro na da goma sha biyu, in yaron ya fara cin wasa a mayar wa babban da ɗaya. Kuma na mutum biyu ne, ko da yake duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu dara ya san 'yan kallo sun fi masu wasan surutu.

Scrabble shi ma dabara ce, amma ba shekaru yake aunawa ba, zurfin boko yake aunawa. Najeriya ta yi suna a cikinsa: Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya kai nan. Haruffan akwatin an ƙididdige su ne don Turanci, babu ɓ, ɗ da ƙ, saboda haka in za a yi da Hausa sai an yi yarjejeniya. In ba haka ba ɗan jami'a zai yi ta jera kalmomi uwa tana kallo. Haɗa mutum biyu-biyu, mai boko da mara boko, yana rage wannan.

Monopoly ne aka fi saya da sunan wasan iyali, kuma a ganina shi ne mafi ƙarancin dacewa da sunan. Kamfanin Parker Brothers ya fito da shi a 1935, amma tushensa wasan wata Ba'amurkiya ne, Elizabeth Magie, da ta yi wa rajista a 1904 don ta nuna illar mutum ɗaya ya mallake filaye. Wasan yana nuna hakan sosai. Wanda ya yi gaba sai ƙara gaba yake yi, wanda ya karye ya fita ya zauna yana jiran sauran, wani lokaci har awa biyu. Ko samfurin Legas da aka fitar a 2012 sunayen unguwanni ya sauya, halin na nan. Mai son wasan ciniki ya duba Catan, na Bajamushe Klaus Teuber, 1995. Mutum uku ko huɗu suna musayar katako, tubali, ulu, hatsi da ma'adini don gina hanyoyi da garuruwa, ba a fitar da kowa, wanda ya fara kai maki goma ya ci. Akwai dayis a ciki, kuma yana da tsada.

Sai wani salo da bai yaɗu a wurinmu ba, inda duk masu wasa ke gefe ɗaya suna karawa da allon. A Pandemic, na Matt Leacock, 2008, mutum biyu zuwa huɗu suna ƙoƙarin samo maganin cututtuka huɗu kafin su mamaye duniya, ko a ci tare ko a faɗi tare. Gidan da ke da 'yan uba masu gasa, ko yaron da ba ya jure a ci shi, wannan salon zai yi musu amfani. Aibinsa shi ne mai bakin gidan yakan karɓe ragama yana gaya wa kowa abin da zai yi. Hanabi, wasan kati na Bafaranshe Antoine Bauza, ya toshe wannan ƙofar da dabara: kowa yana riƙe katunansa suna fuskantar waje, yana ganin na kowa ban da nasa, kuma bayanin da za a ba shi ƙayyadadde ne. Irin waɗannan sai an yi odarsu ko an dace a manyan kantuna. Kafin a samu, ludon da ke gida ma yana karɓar rabin wannan tsarin: a kasu biyu-biyu, masu fuskantar juna su zama ƙungiya, ba mai cinye ɗan abokinsa, kuma a haɗa ƙaramin gida da wanda ya fi kowa iyawa.