Wudil: Garin Da Jarrabawa Ta Koya Wa Ɗalibai Kwamfuta

Wanda ya taso daga Kano ya miƙi hanyar Maiduguri, bayan tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai zai hau gadar Wudil. A ƙarƙashinta masunta da masu ɗibar yashi suna ta sha'aninsu a kogi. Idan Juma'a ce kuwa sai direba ya yi haƙuri, domin ranar kasuwar kara ce: ga shanu, ga dillalai, ga manyan motoci suna lodi zuwa kudu, ga masu POS a gindin lema suna ƙirga kuɗin fatake. Da wannan kasuwa aka fi sanin garin. Amma wanda ya zaga cikinsa, musamman ta hanyar Gaya, zai ga wata sana'ar da ta kafu ba da hayaniya ba: ƙananan shaguna masu kwamfuta biyu ko uku, da injin fotokofi, da ɗan janareta a bakin ƙofa. Kusan duk masu shiga da fita ɗalibai ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan hukumomin Najeriya kaɗan ne ke da abin da Wudil ke da shi, wato manyan makarantu biyu masu ba da digiri. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, wadda ta fara karatu a 2001 zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022. Akwai kuma Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Ƙasa, wadda matasa daga kowace jiha ke rububin shiga. Su biyun nan ba a shigarsu sai an bi ta hannun hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, ita kuwa JAMB tun 2015 ta rufe babin takarda da fensir.

A nan ne labarin ya ɗauko asali. Najeriya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu tun 1988, darasin kuma ya daɗe a cikin manhajar firamare da sakandare. Sai dai a makarantun gwamnati da dama, a Wudil da maƙwabtanta irin su Garko, Gaya, Warawa da Ajingi, da alli aka riƙa koyar da shi. Malami zai zana akwatin kwamfuta a baƙin allo, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, yara su kwafa su haddace. Yaro yana iya cin darasin da maki mai kyau alhali bai taɓa ɗora yatsa a kan madanni ba. Abin da manhaja ta kasa yi cikin shekaru sama da ashirin, jarrabawa ta yi shi cikin shekara biyu: JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta wajabta ta ga kowa a 2015. Daga nan uban da bai taɓa tambayar ko makarantar ɗansa na da ɗakin kwamfuta ba ya fara tambaya.

Tun daga rajista ake gane cewa zamani ya juya. Daga 2021 ba a yin ta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Ɗalibi zai tura lambar ta saƙon tes daga layin da yake nasa, a dawo masa da wasu lambobi, ya biya kuɗi, sannan ya je cibiyar da hukuma ta amince da ita a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ga yaron da ya fito daga Utai, Darki, Indabo ko Lajawa, wannan kaɗai hidima ce ta kwanaki. Wani sunansa a katin ɗan ƙasa ya saɓa da na takardar makaranta. Wani da layin yayansa ya yi, layin kuma ya ɓata. Mai shagon kwamfuta shi ne lauya, shi ne mai fassara, shi ne mai ba da shawarar kwas ɗin da za a cike.

Sai kuma ranar kanta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga darussa ukun da ɗalibi ya zaɓa. Agogo yana saman gilashin kwamfuta yana raguwa a gaban idonsa. Masu shirya yara sun san cewa ba rashin karatu kaɗai ke kayar da ɗan ƙauye ba, har da rawar hannu a kan linzamin kwamfuta. Hukumar ma ta gane haka. Bayan zuwan Farfesa Is-haq Oloyede a matsayin shugabanta a 2016, an tsara yadda mutum zai gama jarrabawar da madannai takwas kacal: A, B, C da D don zaɓar amsa, N don matsawa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R kuma ga wanda ya fasa miƙawa. An kuma fito da jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Daga watan Janairu zuwa Afrilu, waɗannan harufa takwas su ne karatun yamma a shagunan Wudil. Za ka ga yara uku ko huɗu sun kewaye kwamfuta ɗaya mai ɗauke da tsofaffin tambayoyi, ɗaya yana dannawa, sauran suna gardama a kan amsa, mai shago yana duban agogo saboda kuɗin awa aka biya.

Na'urar ba ta rasa nata laifin. A 2025 ɗalibai sama da miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar a faɗin ƙasa, sama da miliyan 1.5 suka kasa kai maki 200 cikin 400. Da ƙorafi ya yi yawa, hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, ta sake wa ɗalibai 379,997 jarrabawa a Legas da jihohin kudu maso gabas, shugabanta har da hawaye a gaban 'yan jarida. Matsalar ba ta shafi Kano ba, amma ta ƙara wa iyaye masu ɗari-ɗari da kwamfuta abin kafa hujja.

Wanda ya tsallake ya shiga jami'a sai ya tarar da wata duniyar. Biyan kuɗin makaranta, rajistar kwasa-kwasai da duba sakamako duk a shafin intanet ake yi. Karatun yau da gobe kuwa ba a kan kwamfutar cinya yake ba, domin ba kowa ke da halinta ba. A kan waya yake. Kowane aji yana da zaurensa na WhatsApp, shugaban aji ne mai riƙe da ƙofa. Nan ake sanar da cewa an ɗage lakcar ƙarfe takwas, nan malami ke jefo takardun karatu a matsayin PDF, nan ake tura hoton allo ga wanda bai samu zuwa ba. Littafin injiniyanci da kuɗinsa zai ciyar da ɗalibi wata guda, sai ka gan shi yana yawo daga waya zuwa waya ta Xender, ba tare da an ƙona ko da ɗigon data ba. Ɗalibin lissafi da bai gane bayanin aji ba yakan koma ɗaki ya nemi wani malami ɗan Indiya a YouTube, ya tsayar da bidiyon, ya mayar baya, har sai abin ya zauna.

Wannan sauƙi ya zo da nasa ciwon kai. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, malamai a ko'ina sun fara karɓar aikin jinga mai Turanci tsaf daga ɗalibin da ba ya iya bayyana sakin layi ɗaya daga ciki. Dabarar da wasu suka koma wa tsohuwa ce: a kira ɗalibi gaban aji ya kare abin da ya rubuta da bakinsa.

A sakandare da firamare hoton ya bambanta. Yawancin makarantu ba sa barin ɗalibi ya shigo da waya, don haka wayar da ke aiki a aji ta malami ce. Malamin kimiyya da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje yakan sauke bidiyon yadda zuciya ke harba jini, ya bi layi-layi yana nuna wa yara a gilashin da bai wuce tafin hannu ba. A ajin da ke da yara tamanin ko ɗari, kafin ya kai bencin baya an kaɗa ƙararrawa. Malamin Turanci yana duba yadda ake furta kalma kafin ya shiga aji. Shugabannin makarantu kuma ta WhatsApp suke karɓar sanarwa daga ofishin ilimi su aika da rahoto, abin da a da sai an hau babur. Datar duk wannan aiki, mafi yawan lokaci, daga aljihun malamin take fita.

Makarantun Islamiyya ma ba a bar su a baya ba, wataƙila ma sun riga wasu. Mai hadda yana sa karatun Husari ko Minshawi a katin memori, ya saurari aya ya maimaita, ya gyara tajwidinsa kafin ya je gaban malam. Matan aure da ke karatun dare suna karɓar darasi ta saƙon murya. Wannan hanya ta karɓu ne saboda ba ta neman Turanci, ba ta neman sabis mai ƙarfi, ƙaramar waya mai madannai ma tana ɗauka.

Shekarar 2020 ta nuna iyakar abin. Da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, makarantun kuɗi na birni suka koma Zoom da WhatsApp. Ga yaran karkara kuwa, abin da ya iso gare su shi ne darussan da aka riƙa gabatarwa a gidajen rediyo da talabijin na Kano, kuma rediyon ce ta fi kai wa lungu saboda batiri biyu sun ishe ta. Darasin da aka koya a lokacin ne ya haifar da dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar a watan Maris na 2022, da darussa kyauta har da na Hausa. Kyauta ne, amma sai mai babbar waya da data da caji.

Batun 'yan mata ya fi tsauri. A gidaje da yawa ana saya wa saurayi waya ya tafi da ita makaranta, ita kuwa budurwa sai dai ta ari ta mahaifiyarta, saboda iyaye na tsoron TikTok da samarin waya. Shagon kwamfuta cike da maza ba wurin da kowane uba zai bar 'yarsa ta yini ba ne. Kano na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020, kuma koyar da 'yan mata amfani da na'ura a cikin makarantunsu yana daga cikin ginshiƙansa. Ga yarinyar da ba za ta je shago ba, ɗakin kwamfuta na makaranta shi ne kaɗai damarta kafin ranar JAMB.

Duk wannan kuwa a kan wuta ya rataya. Kalmomin da aka fi ji a bakin ɗalibi su ne an ɗauke, an kawo, ba sabis, data ta ƙare. Masu cajin waya sun zama wani ɓangare na harkar ilimi ba tare da kowa ya naɗa su ba: ɗalibi zai ba da wayarsa da safe a manna mata lamba, ya karɓa da yamma ya yi karatun dare. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ninka kuɗin tayar da janareta, masu shaguna suka ƙara kuɗin awa da na buga takarda, masu ɗan ƙarfi suka koma sola. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Shi ya sa ɗalibai da yawa ke jiran tsakar dare, lokacin garaɓasar data, kafin su sauke manyan bidiyoyi. Ga kuma ƙurar hunturu da zafin bazara, waɗanda ke kashe kwamfutar da aka ajiye ba mai kula. Makarantar da aka kai wa na'urori ba tare da sola da malamin da ya iya su ba, ɗakin nata yakan ƙare a kulle, makullin yana aljihun shugaban makaranta don gudun ɓarayi.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar, inda aka fi mayar da hankali ga gyaran azuzuwa, kujeru da ɗaukar malamai. Kafin a kammala wannan, wata buƙatar ta ƙwanƙwasa ƙofa. Hukumar jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zana ta a waje a 2024, sannan a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da cewa WAEC da takwararta NECO za su koma kwamfuta gaba ɗaya, abin da ya sa 'yan majalisa da ƙungiyoyin malamai suka nemi a jinkirta.

Bambancin yana da girma. JAMB zama ɗaya ne na awa biyu, a cibiyar da sharaɗinta shi ne kwamfuta aƙalla 250 da wutar da ba ta yankewa, kuma mai neman shiga babbar makaranta kaɗai ke yin ta. WAEC da NECO kuwa kowane ɗan ajin ƙarshe ne ke zaunawa, darussa takwas ko tara, tsawon makonni, har da rubutun insha'i. Madannai takwas ba za su wadatar ba idan aka ce yaro ya buga shafi guda da yatsunsa. Masu shaguna a Wudil sun riga sun fara lissafin ƙarin kujeru da batiran sola, shugabannin makarantun ƙauye kuma suna lissafin kuɗin motar da za ta riƙa kai ɗalibansu gari kowace safiya har a gama jarrabawa.