Tufar da Ba a Kai wa Tela: Babban Kilti na Mutanen Sikotilan

Yau za mu leƙa ƙasar Sikotilan, wadda take arewa da Ingila a tsibirin Birtaniya. Wataƙila ka taɓa ganin hoton wani ƙato mai gemu sanye da wani abu mai kama da siket, har ka yi dariya ka ce, "Wai namiji da kayan mata!" To, dakata. Ba kayan mata ba ne. Sunansa kilti, kuma a wurinsu tufar maza ce, ta manoma da makiyaya da mayaƙa. Wanda ka saba gani a hoto ma ƙaramin ne. Akwai babban, wanda shi ne na asali, shi kuma za mu yi magana a kai: mene ne shi, yaya ake ɗaura shi, me ya kusa kashe shi, kuma su wa suke sa shi a yau.

Mene ne babban kilti?

A harshen Galik, watau harshen mutanen tuddan arewacin Sikotilan, ana kiran sa fela mor, ma'ana babban naɗi. In ka warware shi ba za ka ga hannu ba, ba wuya, ba aljihu, ba maɓalli. Mayafi ne kawai na ulun tumaki, tsawonsa yadi 4 zuwa 5, faɗinsa wajen inci 54 zuwa 60. Masaƙar mutanen da ƙarama ce, ba ta iya fitar da wannan faɗi, saboda haka sai a saƙa falle biyu masu faɗin inci 25 zuwa 30, a haɗa su a tsaye. Wannan haɗin shi ne kusan duk ɗinkin da ke jikinsa. Abu na biyu da ake bukata shi ne ɗamarar fata mai kauri. Shi ke nan.

Zanen da ke jikin mayafin kuwa, layuka ne masu launi da suka ratsa juna, na tsaye da na kwance, suka fitar da gida-gida. Shi ake kira tatan.

Masana tarihi suna ganin an fara ɗaura mayafin nan da ɗamara ne a ƙarshen ƙarni na 16. Wani rubutu na ƙasar Ailan ya ba da labarin mayaƙan da suka zo daga tsibiran Sikotilan a shekarar 1594, ya ce ana gane su da mayafai masu launi, da ɗamara ɗaure a bisa mayafin. Matansu ma suna da nasu, ana ce masa arisaid, amma shi yana sauka har idon sawu.

Me ya sa suka zaɓi wannan?

Ka san kowace ƙasa da irin tufar da ta dace da ita. Tuddan Sikotilan wuri ne mai sanyi da iska da yayyafi ba dare ba rana, ga rafuka, ga fadamu masu taɓo. Mai dogon wando in ya ratsa rafi, zai wuni da jiƙaƙƙen wando manne a ƙafa. Mai kilti kuwa ƙafarsa ce kawai za ta jiƙe, nan da nan ta bushe. Ulu kuma yana da wata baiwa: ko ya jiƙe yana riƙe ɗumin jiki. Wani ɗan Ingila mai suna Edward Burt, wanda ya zauna a yankin a farkon ƙarni na 18, ya rubuta cewa mutanen tuddai sukan tsoma mayafin a ruwa da gangan kafin su kwana a fili, don zaren ya kumbura ya toshe wa iska hanya.

Saboda haka abu ɗaya ne amma aikinsa da yawa. Da rana tufa ne, in ruwa ya sauko lema ne, da dare kuma sai a kwance ɗamara ya zama bargo da shimfiɗa. Makiyayin da ya kora shanu kasuwa mai nisan kwanaki ba ya bukatar ɗaukar kayan kwanciya, gadonsa yana jikinsa.

Yadda ake ɗaura shi

A nan ne aikin yake. Tunda tela bai fitar masa da siffa ba, kai mai sawa kai ne telan, kuma kullum sai ka sake ɗinkin da hannunka. Ga hanyar da yawancin masu sa shi suke bi a yau.

Na farko, ka sami wuri mai faɗi da tsabta, ka shimfiɗa mayafin a ƙasa gaba ɗaya.

Na biyu, ka durƙusa ka fara ninka shi. Daga gefe guda ka bar wajen kamu ɗaya a miƙe, kada ka taɓa shi. Sannan ka riƙa jawo mayafin kana yin ninki bisa ninki, kowane ninki kamar faɗin tafin hannu. Layukan tatan su ne ma'auninka: in ka fara ninki a kan jan layi, to kowane ninki ya faɗa a kan jan layi. Ka ci gaba har ya rage kamu ɗaya a ɗaya gefen, shi ma ka bar shi a miƙe. Wurin da ka ninka ya kamata ya kai faɗin bayanka, daga wannan kwiɓi zuwa wancan.

Na uku, ka zura ɗamara ta ƙarƙashin mayafin a hankali, don kada ninkin ya watse. Inda ka ajiye ta shi zai nuna tsawon kiltin: daga ɗamara zuwa bakin mayafi na ƙasa ya zama daidai da daga cibiyarka zuwa gwiwa.

Na huɗu, ka kwanta rigingine a kan ninkin. Ka jawo ɓangaren dama ka rufe cikinka da shi, ka jawo na hagu ka ɗora a bisa, sannan ka ɗaure ɗamara tamau.

Na biyar, ka miƙe tsaye. Za ka ga rabin mayafin na sama ya zubo ta kan ɗamara yana reto har kusa da ƙasa. To, wannan rabin shi ne sirrin babban kilti. In ana zafi, ka tattara shi ka cusa a ɗamara ta baya. In za ka fita taro, ka ɗago shi ta baya ka maƙale a kafaɗar hagu da fil, hannun dama ya zama a sake. In ana sanyi, ka yafa shi a kafaɗu biyu. In ruwa ya zo, ka ja shi ka lulluɓe har kai. In kuma ka cusa kusurwoyinsa na gaba a ɗamara, ga aljihu biyu sun samu. A ƙarƙashi ana sa doguwar riga, a gaba kuma ana rataya wata 'yar jakar fata mai suna siforan.

Za ka ce, to mutumin da ke kwana a ƙaramar bukka, ko sojan da aka tayar da tsakar dare, ina ya ga filin wannan shimfiɗa? Tambaya ce mai kyau, kuma masana ma sun yi ta. Wasu daga cikinsu, bayan sun duba tsofaffin zane-zane da kyau, suna ganin mutanen da sukan ɗinka 'yan madaukai a cikin mayafin su zura igiya, kamar mazagin wando, ja ɗaya ninki ya haɗu. Masu sa shi a yau da yawa sun koma ga wannan dabara.

Yadda ya kusa ɓacewa

Abubuwa uku ne suka taru a kansa. Na farko ƙaninsa ne, ƙaramin kilti. A farkon ƙarni na 18 aka fara raba mayafin biyu, a bar rabin ƙasa kawai. Akwai labarin da ake bayarwa cewa wani ɗan Ingila mai masana'antar narka ƙarfe, Thomas Rawlinson, shi ya kawo wannan wajen shekarun 1720 don mayafin yana hana ma'aikatansa sakewa, amma masana da yawa suna jayayya da labarin. Ko ma wa ya fara, daga baya an koma ɗinke ninkin dindindin, sai dai mutum ya ɗaura ya fita.

Na biyu doka ce. A 1745 wasu dangogin tuddai suka tayar wa gwamnatin Birtaniya, suna son mai da gidan sarautar Stuart kan mulki. Aka murƙushe su a yaƙin Kaloden ranar 16 ga Afrilu, 1746. Gwamnati ta lura cewa tufar nan tana haɗa kan mutanen, sai ta yi doka a wannan shekara, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 1747: ba namiji babba ko yaro da zai sake sa kayan tuddai, sai sojan sarki. Wanda aka kama karo na farko, ɗaurin wata 6. Karo na biyu, a kore shi zuwa ƙasashen ƙetare shekara 7. Ba a soke dokar ba sai 1782.

Lissafa da kanka: shekara 35 ke nan. Jaririn da aka haifa ranar da doka ta fara aiki ya zama magidanci bai saba da ɗaurin da kakansa yake yi ido rufe ba. Ka ga, rigar da aka ɗinka za a iya ɓoye ta a adaka a fito da ita bayan shekaru, siffarta tana nan. Amma tufar da siffarta take a hannun mai ɗaurawa, in hannu ya manta, abin da ya rage bargo ne kawai.

Na uku kuma, daga ƙarshen ƙarni na 18 masu filaye suka riƙa tayar da talakawan tuddai daga gonakinsu don su zuba tumaki. Dubbai suka koma birane, wasu suka haye teku zuwa Kanada da Amurka. Rayuwar da ta haifi babban kilti ta watse.

Abin mamaki, da kilti ya dawo, ta hannun manya ya dawo. A 1822 Sarki George na Huɗu ya ziyarci birnin Edinbara, marubuci Walter Scott ya shirya bikin tarbarsa, sarki da kansa ya fito cikin kilti. Tufar da aka taɓa ɗaure talaka saboda ita ta zama kayan ado na attajirai. A wannan zamani ne kuma aka yaɗa al'adar cewa kowane dangi da nasa tatan. A da, abin da masaƙin yankinku yake saƙawa da rinin da ya samu, shi kake sawa.

Su wa suke sa shi a yau?

Kada ka ɗauka in ka sauka Gilasgo za ka ga kowa da kilti. Riga da wando suke sawa kamar sauran Turawa. Kilti na ranar biki ne: ɗaurin aure, yaye ɗalibai, wasannin gargajiya, kallon ƙwallo, faretin soja. Wanda ake sawa a irin waɗannan wurare kuwa kusan duk ƙaramin ne. Wani lokaci ango yakan maƙala wani ƙyallen tatan a kafaɗa, wanda shi ne ragowar rabin saman da aka yanke.

Babban kilti yana hannun mutane kaɗan. Akwai masu kwaikwayon rayuwar mutanen da a gidajen tarihi da bukukuwan tunawa. Akwai jikokin waɗanda suka yi ƙaura, musamman a Amurka da Kanada. Akwai masu hawan tuddai da suke son gwada ko da gaske ana iya kwana a fili da shi. Finafinai ma sun taimaka, irin su Braveheart da Rob Roy na 1995, da shirin talabijin na Outlander da aka fara a 2014. Sai dai a kula: William Wallace, jarumin da aka yi Braveheart a kansa, ya mutu tun 1305, kusan shekara 300 kafin a san babban kilti. Ba duk abin da ka gani a fim ne tarihi ba.

Mai sa shi a yau yana fama da abubuwan da kakanninsa ba su sani ba. An yi tufar ne don iska da fili, ba don ɗaki mai na'urar ɗumama ba, saboda haka a zauren biki gumi zai yi ta yi. Mayafi mai kauri yakan kai kilo biyu ko fiye, shi ya sa da yawa suke zaɓen saƙa mara nauyi. Shiga mota da tulin ulu a baya ma sai an koya: ka shafe ninkin da hannu kafin ka zauna, in ba haka ba ka tashi da shi a cukurkuɗe. Amma yana da abin da ƙaramin ba shi da shi. Ba ya yi wa mutum kaɗan, ba ya yi masa yawa. Ka yi ƙiba ko ka rame, ɗamara ce kawai za ta matsa. Uba yana iya bar wa ɗa, ba sai an je wurin tela ba.

Shi kansa tatan bai tsaya a kan dangogin da ba. Tun 2009 akwai rajistar hukuma a Sikotilan inda ake shigar da sababbin zane. A 2012 Musulmin ƙasar suka fitar da nasu: shuɗi saboda tutar Sikotilan, kore saboda Musulunci, farin layi 5 saboda shika-shikan Musulunci, layin ruwan zinariya 6 saboda rukunan imani, baƙin gida kuma saboda Ka'aba.

Gwada a gida

Hausawa sun ce amfanin abin ado ɗaurawa. Ka nemi izinin Inna, ka ɗauko babban bargo ko zanen gado da bel, ka bi matakan nan biyar a kan tabarma, a bisa kayan jikinka. Karon farko ninkin zai watse, ƙannenka za su yi maka dariya. Ka sake. Wajen karo na biyar hannunka zai fara ganewa da kansa.

Bayan nan ka duba gidanku. Wa ya iya naɗa rawani? Wa ya iya goyo da majanyi yadda ba zai kwance ba? Waɗannan ma ba tela ke fitar da siffarsu ba, hannu ne. In akwai tsoho ko tsohuwa da suka iya, ka je ka durƙusa ka ce a nuna maka tun suna nan. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.