Yawon Hunturu Daga Buckler's Hard

A kudancin Ingila, bakin Kogin Beaulieu, akwai wani ɗan ƙauye mai jeri biyu na gidajen jan bulo, ana ce da shi Buckler's Hard. Nan aka sassaƙa jirgin yaƙi Agamemnon a 1781, wanda daga baya Nelson ya shugabanta. Yau ba ƙarar guduma, sai kukan agwagin ruwa da suka gudo daga sanyin Sibiriya.

Daga nan 'yar turba ta bi gaɓar kogi ta cikin kurmi, wajen mil biyu, har Beaulieu, inda Sarki John ya kafa gidan 'yan zuhudu a 1204. Amma mai niyya ya yi sammako, gama a Disamba ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Wanda ya yi nawa, da duhu da taɓo zai komo.