Ɗan Hakin da Aka Raina: Yadda Manya Suka Yi da Jeremy Corbyn

Ranar 15 ga Yunin 2015, ana dab da rufe karɓar sunayen masu neman shugabancin jam'iyyar Labour ta Birtaniya, mutanen Jeremy Corbyn na ta faɗi-tashin neman sa hannu. Ƙa'ida ita ce sai 'yan majalisa 35 sun tsaya wa mutum. Da ƙyar da siɗin goshi ya haɗa 36, wasunsu ma aron sunansu suka ba shi don kawai a ce an ji ta bakin kowa a muhawara. Dattijo ne mai shekara 66, yana wakiltar Islington ta Arewa a Landan tun 1983, bai taɓa zama minista ba, kuma ya sha bijire wa jam'iyyarsa, musamman a kan yaƙin Iraƙi. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Da raini ake fara tarbar irinsa. Matuƙar ɗan takara mai ra'ayin gurguzu ba shi da alamar nasara, manya na iya yi masa fara'a, har su yaba gaskiyarsa. Sai da ɗakunan taro suka fara cika, dubban matasa suka shiga yin rajista, sannan murmushi ya gushe. Tony Blair, tsohon firaminista, ya fito ya ce duk wanda zuciyarsa ke tare da Corbyn ya je a yi masa dashen wata. Margaret Beckett, ɗaya daga cikin waɗanda suka ara masa suna, ta amsa a rediyo cewa wauta ta tafka. Duk da haka, ranar 12 ga Satumba ya lashe da kashi 59.5 cikin ɗari tun a zagayen farko. Washegari Firaminista David Cameron ya ce Labour ta zama barazana ga tsaron ƙasa da tattalin arzikinta da kuma iyalan jama'a.

Me yake nema da har hankali ya tashi haka? A dawo da jiragen ƙasa hannun gwamnati, a soke kuɗin karatun jami'a, a daina tsuke bakin aljihu, a ƙara wa masu hali haraji. Mutum na iya ƙin waɗannan manufofi da hujja, kuma akwai masana da suka ƙi su. Sai dai ba a kansu aka fi kai ruwa rana ba. Kwana uku da zaɓensa, ya halarci bikin tunawa da sojojin sama na yaƙin duniya na biyu a majami'ar St Paul's, ya tsaya shiru bai rera taken ƙasa ba. Wannan ne ya cika shafukan farko na jaridu. Daga nan aka koma kan rigarsa, da kekensa, da ko ya sunkuyar da kai yadda ya kamata a wajen ajiye furanni. Wani bincike da malaman makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan suka fitar a 2016 ya nuna yawancin jaridun ƙasar sun wuce suka, sun koma izgili da tozarci. Hatta hukumar da ke sa ido kan BBC a lokacin ta yanke a 2017 cewa wani rahoton gidan ya karkatar da amsar da Corbyn ya bayar kan harbe 'yan ta'adda.

Ba sai an yi taron dare an ƙulla makirci ba kafin haka ta faru. A lokacin The Sun da The Times na Rupert Murdoch ne, Daily Mail ta iyalan Rothermere ce, kuma attajiri ba ya buga ganga ga mai neman ƙara masa haraji. Amma akwai abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Wakilin jarida a majalisa da majiyoyinsa yake cin abinci. Ya yi shekaru yana shan shayi da jiga-jigan jam'iyya, daga bakinsu yake jin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Idan baƙo ya karɓe ragama, waɗanda wakilin zai buga wa waya su ne dai mutanen da aka kayar. Ra'ayinsu sai ya fito a matsayin labari.

Shi ya sa bugun da ya fi yi wa Corbyn ciwo daga cikin gida ya fito. Ranar 28 ga Yunin 2016, bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, 'yan majalisar jam'iyyarsa suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, 172 da 40. Ya ƙi sauka, aka koma ga 'ya'yan jam'iyya, suka sake zaɓensa da kashi 61.8. Mai karatu da ya san yadda majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka mamaye, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa har ta tsige shi a 1981, zai ga kamar ya san fim ɗin. Bambancin shi ne Balarabe da abokan hamayya ya yi, Corbyn kuwa da 'yan ɗakinsu.

Hujjar da aka riƙa maimaitawa ita ce ba zai iya cin zaɓe ba. Maganar tana kama da hasashe, amma a bakin wanda ke aiki dare da rana don ta tabbata, makami ce. A zaɓen 8 ga Yunin 2017, bayan Daily Mail ta ware shafi 13 tana caccakarsa da muƙarrabansa, Labour ta samu kashi 40 na ƙuri'u, ta ƙara kujeru 30, Firaminista Theresa May ta rasa rinjayenta. Daga baya rahoton lauya Martin Forde na 2022 ya tabbatar da cewa hedikwatar jam'iyyar ta rabu gida biyu, har wasu ma'aikata suka karkatar da wani kaso na kuɗin yaƙin neman zaɓe zuwa mazaɓun da suka ga dama ba da sanin shugaba ba.

A nan ne nake rabuwa da masoyansa masu ganin duk laifin na manya ne. Corbyn ya yi ta kwan-gaba kwan-baya a kan ficewa daga Turai har ya ɓata wa ɓangarorin biyu rai. Ƙorafin ƙyamar Yahudawa a jam'iyyar ma ba ƙage ba ne zalla. Hukumar daidaito da kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta samu Labour da karya doka a Oktoban 2020. Abokan gabarsa sun yi amfani da batun, shi kuma ya yi sakaci da shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Disamban 2019 jam'iyyar ta tashi da kujeru 202, mafi ƙaranci tun 1935.

Magajinsa Keir Starmer, wanda ya nemi kujerar da alkawarin riƙe yawancin manufofinsa, ya hana shi tsayawa takara da sunan Labour. Ranar 4 ga Yulin 2024 Corbyn ya tsaya da ƙafarsa, ya kayar da ɗan takarar tsohuwar jam'iyyarsa a Islington. A wannan rana Starmer ya kwashi kujeru sama da 400, saboda tsarin zaɓensu na mai rinjaye ya ɗauke mazaɓa, ga kuma ƙuri'un 'yan mazan jiya sun rabu. Ƙuri'un da suka kai shi fadar firaminista miliyan 9.7 ne. Mutumin da aka ce ba ya zaɓuwa ya samu miliyan 10.3 a shekarar da ya sha mummunan kaye, da miliyan 12.9 a 2017.